Arzikin da Takarda ba ta Gani: Bayyana Samu Wajen Nema wa Matar Aure Biza, daga Tafashiya zuwa Ƙasashen Waje

Tsakure

Maƙalar nan ta duba sharaɗin samu da Amurka da Birtaniya da wasu ƙasashen Larabawa suke gindaya wa mutumin da ke son ɗauko matarsa daga gida, ko macen da ke son ɗauko mijinta. An tsaya a Tafashiya, cikin ƙaramar hukumar Kankiya ta Jihar Katsina, aka kalli al'amarin daga can, domin dukiyar gari irin wannan gona ce da dabba da hatsi da adashi, kuma su ne abubuwan da ofisoshin biza suka fi ƙin karɓa. Hujjar maƙalar ita ce, mai ɗaukar nauyi ya riga ya bayyana samunsa tun ranar da ya miƙa takardar harajinsa, tun kafin ya ga fom ɗin biza, kuma hannun da zai sa alƙawari ne da yake iya daɗewa fiye da auren kansa.

Tambaya ɗaya, shaidu iri biyu

Idan saurayi ya fito neman aure a Tafashiya ko a Kusada, iyayen yarinya sukan yi bincike a kan asalinsa da halinsa da sana'arsa. Waliyyi ba ya cewa a kawo masa takardar albashi. Aikawa yake yi a tambayi maƙwabta da mai unguwa da abokan cin kasuwa: yaron nan yana noma? Dami nawa ya samu bana? Idan ya tafi ci-rani Kano ko Legas, yana dawowa da abin kirki? Amsar mutane ita ce hujja. Fiƙihun Malikiyya da kotunan shari'ar Musulunci na Katsina ke bi ya ɗora wa miji ciyarwa da tufatarwa da muhalli gwargwadon hali, har ma ya ba matar da aka bari da yunwa damar kai ƙara, alƙali ya ɗibar wa miji wa'adi, in ya kasa a raba auren. Saboda haka tambayar ko mutum zai iya riƙe mace ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa.

Jami'in biza a ƙaramin ofishin jakadancin Amurka da ke Legas, inda ake tantance 'yan Najeriya masu neman bizar zama na dindindin, tambayar nan yake yi. Sai dai shi ba ya da mai unguwar da zai aika wa. Shaidunsa takardu ne, kuma a cikinsu babba ita ce wadda hukumar harajin Amurka, IRS, ta ajiye.

Tushen abin tsoho ne. Tun 1882 dokar shige da fice ta Amurka ta hana shigowar wanda ake ganin zai zama nauyi a kan baitulmali. Shekara da shekaru ana karɓar takardun lamuni daga dangi, amma kotuna suka riƙa cewa waɗannan takardu alƙawarin mutunci ne kawai, ba a iya tilasta wa kowa cika su. Majalisar dokoki ta toshe wannan kafa a 1996, zamanin Shugaba Bill Clinton, kuma daga Disamba 1997 fom mai lamba I-864 ya fara aiki a matsayin yarjejeniya tsakanin mai ɗaukar nauyi da gwamnati. Mai sa hannu dole ya kai shekara 18, ya kasance ɗan ƙasa ko mai katin zama na dindindin, mazauninsa yana Amurka, kuma samunsa na shekara ya kai kashi 125 cikin ɗari na mizanin talauci da gwamnatin tarayya ke fitarwa kowace shekara. A 2025, ga gida mai mutum biyu, wato miji da matar da zai ɗauko, adadin ya kama dala 26,437. A shekarar, duk ƙarin mutum ɗaya yana ƙara dala 6,875.

Direban da ya yi wa haraji dabara

Hausawan da suka fara cika titunan New York ba ma'aikatan ofis ba ne. Masanin halayyar al'umma Paul Stoller, a littafinsa na 2002 a kan fataken Afirka ta Yamma, ya bi Hausawa da Zabarmawa daga Nijar da ke kasa kaya a titi na 125 a Harlem, har lokacin da magajin gari Rudolph Giuliani ya tashe su a Oktoba 1994 aka mayar da su kasuwar Malcolm Shabazz a titi na 116. Cinikinsu na kuɗi hannu ne. Waɗanda suka biyo bayansu da yawa tuƙin tasi suke yi, ko Uber, ko kai saƙo, ko sayar da kaya. A idon hukumar haraji duk masu aikin kansu ne, kuma a nan matsalar take kwance.

A ɗauki misali, don lissafi kawai, da wani ɗan Tafashiya da ke tuƙi a Bronx. A ce a 2025 ya tara dala 55,000. Doka ta yarda ya cire kuɗin wahalar mota, kuma a shekarar IRS ta ƙayyade santi 70 a kowace mil. Ya yi tafiyar mil 42,000, sai ya cire dala 29,400. Abin da ya rage, wanda za a yanka masa haraji a kai, dala 25,600 ne. Mai cike masa takardun haraji ya yi aikinsa daidai, ya rage masa nauyi, ya tafi gida yana murna. Wata shida bayan haka ya zo ɗaurin aure gida, ya koma ya ɗauki fom ɗin I-864, sai ya tarar ana tambayar jimillar samun da ke rubuce a takardar harajinsa ta bara. Dala 55,000 da ta ratsa hannunsa babu mai tambayarta. Dala 25,600 ake gani, kuma ta gaza ma'aunin 2025 da dala 837.

Wannan direba bai yi ƙarya ba. Akwai kuma wanda ya fi shi shiga uku, shi ne wanda ya karɓi kuɗi a hannu bai rubuta su ko'ina ba. Ba zai iya zuwa yau ya ce a ƙidaya masa su ba tare da ya amsa cewa jiya ya ɓoye wa hukuma ba. Hanyar da doka ta bar masa ita ce ya gyara takardar harajin da ta wuce, ya biya abin da ake bin sa da kuɗin ruwa da tara, sannan ya kawo sabuwar. Da yawa sukan ja baya a nan.

Mai maƙalar nan yana ganin bai kamata a ɗauki wannan ɗabi'a a matsayin rashin gaskiya tsagwaronta ba. Tarihi ne ya koya wa talakan ƙasar Katsina cewa mai ƙidaya ba alheri yake kawowa ba. Shekara da shekaru malamin haraji yana shiga ƙauye ya rubuta kawuna, mai jangali ya ƙirga shanu, kuma wanda ya iya kaɗa garkensa daji kafin su iso shi ake kira mai wayo. A 1979, lokacin Kankiya tana cikin tsohuwar Jihar Kaduna, Gwamna Balarabe Musa ya shelanta soke haraji da jangali, Abubakar Rimi ya yi haka a Kano, talakawa suka yi ta biki. Ga kuma tarbiyyar gida da ke cewa mutum ya rufe samunsa saboda baki da hassada da masu roƙo. Yaron da ya tashi a wannan makaranta ya faɗa ƙasar da mutuncin mutum a gaban hukuma yake rataye da abin da ya rubuta da hannunsa cewa ya samu. Abin da ya kare kakansa shi ne yake raba shi da matarsa.

Bakuna nawa ne a gidan?

Lissafin mutanen gida ma ba na Tafashiya ba ne. Fom ɗin yana son a ƙirga mai ɗaukar nauyi, da matar da zai ɗauko, da 'ya'yansa marasa aure da ba su kai shekara 21 ba ko da ba a hannunsa suke ba, da duk wanda ya rubuta a takardar haraji cewa yana ƙarƙashinsa, da duk wanda ya taɓa tsaya wa a baya wanda alƙawarin bai ƙare ba. Idan direban nan yana da 'ya'ya biyu daga auren fari suna wurin kakarsu a Kankiya, gidansa ya zama na mutum huɗu, ma'auninsa ya tashi zuwa dala 40,187. Giɓin da ya kasance dala 837 ya koma 14,587.

A ɗaya gefen, tsohuwar da yake aika wa kuɗin cefane kowane wata, da ƙannensa da yake biya wa makaranta, da takin da yake saya wa yayansa kowace damina, babu ko ɗaya a lissafin. Dokar harajin Amurka ba ta yarda a rubuta mutum a matsayin wanda ake ɗauke da nauyinsa ba sai in ɗan ƙasar ne, ko mazauninta, ko mazaunin Kanada ko Meziko. Bankin Duniya ya ƙiyasta kuɗin da 'yan Najeriya ke aikowa gida da kusan dala biliyan 20 a shekara, amma a fom ɗin biza wannan kogin kuɗi ba ya da gurbi. Takardar tana ganin ƙarancin samu fiye da gaskiya, tana kuma ganin ƙarancin bakuna fiye da gaskiya. Mutum na iya haye ma'aunin da kyau alhali rabin albashinsa yana Katsina.

Akwai wani ɗan tuntuɓe da ke kayar da mutane. Wanda aka ɗaura wa aure a gida, ya koma ya cike harajin shekarar a matsayin gwauro saboda matar ba ta kusa, ya rubuta wa gwamnati da hannunsa cewa ba shi da mata, sannan ya kawo wannan takarda don ya tabbatar zai iya riƙe matarsa. Jami'i mai ido ba ya wuce irin wannan. Haka kuma ɗaurin aure ta hanyar wakilai, wanda shi ne al'adar kowa a ƙasar Hausa, inda ango yana iya kasancewa a wata nahiya amarya kuma tana cikin gida: dokar Amurka ba ta ƙidaya auren da ma'aurata ba su halarta tare ba sai in sun tare daga baya. Batun mace ta biyu kuwa a rufe yake. Amurka ta haramta shigowar masu auren mace fiye da ɗaya tun 1891, Birtaniya kuma ta toshe hanyar ɗauko mace ta biyu da dokarta ta 1988.

Gona da shanu da adashi

Wanda samunsa ya gaza yana iya cike giɓi da kadara. Idan ɗan ƙasa ne mai ɗauko matarsa, kadarar ta ninka giɓin sau uku. Idan mai katin zama ne, sau biyar. Direban da giɓinsa 837 ne zai nuna dala 2,511 ko 4,185, abin da ajiyar banki za ta iya rufewa. Mai 'ya'ya biyun kuwa sai ya nemo 43,761 ko 72,935. Nan ne tunaninsa ke komawa gida, ga gonar gado, ga shanun da ya bai wa Bafulatani kiwo, ga buhunan wake da gyaɗa da aka saya da kaka aka ajiye.

Sharaɗin kadara shi ne a tabbatar da mallaka da ƙima, a nuna za a iya mayar da ita kuɗi cikin shekara ɗaya, kuma in tana ƙasar waje a nuna za a iya fitar da kuɗin. Gonar Tafashiya ba ta cika faɗawa wannan ma'auni ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna, ta bar wa ƙaramar hukuma ikon bayar da haƙƙin mallaka na gargajiya a karkara, amma yawancin gonakin gado shaidarsu tana bakin dagaci da dattawan da suka san iyaka. Sau da yawa ma ba a raba gadon ba, gonar ta 'yan'uwa takwas ce. Shanu ba su da rasit. Hatsi yau yana da daraja, gobe kasuwa ta faɗi. Ko da an samu takarda, faɗuwar naira tun da aka sake ta a Yuni 2023, daga wajen 460 a dala zuwa sama da 1,500 a shekarar da ta biyo, ta sa gonar da ake ji da ita a gari ta zama 'yan dubban daloli.

Birtaniya ta fi tsauri a nan. Tun 9 ga Yuli 2012, lokacin Theresa May tana ministar cikin gida, ɗan ƙasa ko mai zaman dindindin da ke son ɗauko abokin aure sai ya nuna albashin fam 18,600 a shekara. An kai ƙara, Kotun Ƙoli ta tabbatar da halaccin sharaɗin a Fabrairu 2017, tana mai cewa dole a riƙa duba maslahar yara. A 11 ga Afrilu 2024 aka ɗaga shi zuwa fam 29,000, da niyyar kaiwa 38,700, sai sabuwar gwamnatin Leba ta dakatar da ƙarin ta miƙa wa kwamitin ba da shawara kan ƙaura, wanda a Yuni 2025 ya ce kada a kai shi can. Mai albashi yakan kawo takardun biya na wata shida da bayanan banki da suka yi daidai da su, da wasiƙar wurin aiki. Wanda ake biya a hannu, ko da an cire masa haraji, idan bai zuba kuɗin duka a banki ba, abin da ya shiga asusu kaɗai za a ƙidaya. Wanda zai dogara da ajiya zalla sai ya nuna fam 88,500, tsabar kuɗi, sun kwana wata shida a asusunsa ko na matarsa. Idan aka ɗauki fam a kan naira 2,000, naira miliyan 177 ke nan. Mai karɓar mafi ƙarancin albashin Najeriya na naira 70,000 zai yi shekara fiye da 200 bai ci ko kwabo ba kafin ya tara su.

Adashi, wanda shi ne bankin ci-rani a ko'ina Bahaushe ya je, yana da tasa matsalar. Kwasar adashi takan faɗo asusu a dunƙule daga hannaye da yawa, babu yarjejeniya a rubuce, kuma wanda ya kwasa da wuri bashi ne a kansa. Dokar Birtaniya ta yarda da kyauta in an faɗi inda ta fito, amma ba ta yarda da rance ba. Haɗa kuɗin 'yan'uwa a zuba a asusu mako biyu kafin a miƙa takardu, a mayar wa masu su bayan an buga bayanan banki, dabara ce da jami'ai suka daɗe da sani, sharaɗin wata shida ma don ita aka yi shi.

Ya kamata a bambance wannan da halin likitoci da ma'aikatan jinya da ke kan bizar aiki. Su ba a tambayarsu fam 29,000. Abin da ake so su nuna wa matar aure fam 285 ne, ɗan fari 315, kowane ƙari 200, sun kwana 28 a asusu. Ƙofofin da ke kusa da wannan ne aka yi ta rufewa. A 2022 'yan Najeriya ne kan gaba wajen iyalan ɗalibai da aka ba biza, mutum 60,923, sai daga Janairu 2024 aka hana yawancin ɗalibai tahowa da iyali, a Maris na shekarar kuma aka hana masu aikin kula da tsofaffi da marasa lafiya.

Hannun da ba ya goguwa da saki

Abin da aka fi jahilta game da I-864 shi ne tsawon ransa. A shari'ar da aka sani a gida, ciyarwa tana bin igiyar aure. Idan aka yi saki na kome, miji yana ciyarwa har idda ta cika. Mai ciki har ta haihu. Daga nan sai haƙƙin 'ya'ya. Fom ɗin Amurka ya faɗa ƙarara cewa rabuwar aure ba ta sauke nauyin. Yana sauka ne idan matar ta zama 'yar ƙasa, ko aka lissafa mata zango 40 na aiki, wato kimanin shekara 10, ko ta bar ƙasar ta rasa katinta, ko ɗayansu ya rasu. Kafin nan, mai sa hannu ya yi alƙawarin riƙe ta a kan kashi 125 na mizanin talauci, wanda ga mutum ɗaya a 2025 ya kai dala 19,562. Ita da kanta tana iya kai shi kotu. Hukumar da ta ba ta tallafin marasa galihu ma tana iya neman ya biya.

Kotuna sun nuna ba wasa ba ne. A 2012 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke Chikago, a hukuncin da Alƙali Richard Posner ya rubuta, ta duba ƙarar wata 'yar Sin da mijinta Ba'amurke ya rabu da ita. Mijin ya ce ai tana da ilimi, ta ƙi neman aiki ne. Kotu ta ce doka ba ta ɗora mata neman aiki ba, ya ci gaba da biya. A 2016 takwararta ta San Faransisko ta yanke cewa yarjejeniyar da ma'aurata suka yi kafin aure, cewa babu mai bin wani komai in an rabu, ba ta goge wannan alƙawari ba, kuma samun babban ɗan matar da ta koma zama wurinsa ba ya rage wa tsohon mijin nauyi.

A ra'ayin mai maƙalar nan, wannan sashe na dokar ya fi kowane amfani ga iyayen amarya, kuma shi ne ba a gaya musu. Yarinyar da aka ɗauko daga Kusada, ba ta jin Turanci sosai, ba ta da ɗan'uwa a nahiyar, idan aure ya lalace takan ɗauka ba ta da komai sai tikitin komawa, in ma an saya mata. Alhali tana da haƙƙin da kotu za ta ƙwato mata. Waliyyin da ya san da wannan takarda zai nemi a ba 'yarsa kwafinta ta ajiye.

Nauyin yana hawa kan wanda ya yi taimako ma. Doka ta yarda wanda samunsa ya gaza ya nemo wani ya tsaya masa, ko da ba danginsa ba ne, muddin shi kaɗai ya cika ma'auni da nasa iyalin da wadda za a ɗauko. A masallatan Bronx da na Greensboro irin wannan roƙo ba baƙo ba ne, kuma Bahaushe yana jin nauyin cewa a'a ga ɗan garinsu. «Alhaji, sa hannu ne kawai, don Allah a rufa mini asiri.» Alhajin da ya sa hannu ya ɗauki nauyi daidai da mijin. Ana iya barin mijin a bi shi shi kaɗai. Idan ya tashi daga gida bai sanar da hukuma cikin kwana 30 ba, tarar tana farawa daga dala 250. Kuma matar da ya tsaya wa za ta shiga lissafin gidansa ranar da zai so ɗauko tasa mahaifiyar. Birtaniya ba ta ma buɗe wannan ƙofa ba sai a yanayi na musamman: kawu mai kuɗi a Manchesta ba zai ara wa ɗan ƙanwarsa albashinsa ba.

Idan mace ce mai ɗaukar nauyi, kamar likita ko malamar jami'a da ta samu zama ta koma ɗauko mijinta, dokar ba ta sauya ko harafi. Ita za ta rantse za ta ciyar da shi, kuma a Amurka shi ne zai iya kai ta kotu bayan rabuwa. Ga ma'auratan da suka tashi a kan cewa dukiyar mace tata ce, ciyarwa kuma ta miji, wannan magana ce da ya kamata a zauna a yi kafin a ɗauki alƙalami.

Gabas da arewa

Mutanen Kankiya da Kusada sun fi sanin hanyar gabas fiye da ta yamma. A Saudiyya ɗauko iyali yana rataye da sana'ar da aka rubuta a iƙama da takardar albashin da kafili ya tabbatar, shi ya sa likita da injiniya suke samu, leburan gini da direban gida kuwa da wuya. Daga Yuli 2017 aka ƙaƙaba kuɗin wata-wata a kan kowane mutum da ma'aikaci baƙo ya ajiye: riyal 100 da farko, yana hawa kowace shekara har ya kai 400 a 2020. Mace da 'ya'ya uku riyal 19,200 ne a shekara, ban da haya da makaranta, kuma wannan ya sa ma'aikata da yawa daga ƙasashe daban-daban suka mayar da iyalansu gida. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta sauƙaƙa a 2019, ta daina duba sana'a ta koma duba albashi: dirhami 4,000 a wata, ko 3,000 da masauki. Kanada a nata ɓangaren ba ta sa wani adadi ga mai ɗauko matarsa a mafi yawan lokuta, amma yana ɗaukar alƙawarin shekara uku, wanda shi ma saki ba ya karya shi.

Ta arewa kuwa, amaryar da aka ɗauko daga Maraɗi ta biyo ta Jibiya zuwa Tafashiya ba a taɓa tambayar angonta takardar albashi ba. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba da kwana 90 ba biza, zumunci kuma ya riga yarjejeniyar. Ficewar Nijar daga ƙungiyar a Janairu 2025 ba ta sauya wannan nan take ba, domin ƙungiyar ta ce a ci gaba da mutunta takardun tafiya har sai an sake shiri.

Cika ma'aunin samu kuma ba ya nufin ƙofa a buɗe take. A ƙarshen Janairu 2020 Shugaba Donald Trump ya dakatar da bizar zama ga 'yan Najeriya, Joe Biden ya soke umarnin ranar da ya hau mulki a 2021, sannan a Disamba 2025 Trump ya sake sanya Najeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita wa biza, Nijar kuma cikin waɗanda aka rufe wa gaba ɗaya. Takardun da suka daɗe a layi sukan tsufa, kuma ranar da aka kira matar ganawa a Legas ana iya neman harajin shekarar da ta fi kusa. Shekarar haraji a Amurka tana ƙarewa ne a 31 ga Disamba, ana miƙa takardu zuwa 15 ga Afrilu, don haka direban da matarsa ke jira a Tafashiya zai sake fuskantar zaɓin nan kowace bazara: ya cire duk abin da doka ta yarda ya cire, ko ya nemi aikin albashi mai takardar W-2 da zai ɗaga adadin da ke rubuce, ya biya harajin da ya hau kansa.